Gyaran Zauren Kakanninmu a Tsohon Birnin Sakkwato: Littafin Aiki

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Da safiyar yau muka buɗe zauren gidan kakanninmu bayan shekara shida yana garƙame. Makullin ya ɓace tun rasuwar Baffa, kwaɗon kuma ya ci tsatsa, sai da aka sa guduma. Warin kashin jemage ne ya fara tarbar mu, sai kuma haske da ke shigowa ta wata ɓaraka a kusurwar rufi, inda daminar bara ta huda. Na tsaya tsakiya na ɗaga kai. Bakan gizo biyu, wato bakunan ginin da ke ɗauke da rufi, da suka gitta juna suna nan, ɗaya lafiya lau, ɗayan da tsaga wadda yatsana ke shigewa ciki.

Gidan yana cikin tsohon birni, tafiyar 'yan mintuna a ƙasa daga Hubbaren Shehu. Manya sun gaya mana kakan kakanmu ne ya gina shi, kuma yana tsaye lokacin da Turawa suka ci garin a watan Maris na 1903. Tsarinsa irin na gidajen da ne: zaure a bakin hanya, sai filin ƙofar gida da ɗakin baƙi biyu, sai shigifa, daga nan cikin gida inda ba a ba baƙo namiji hanya. Turakar maigida soro ce mai hawa ɗaya. Duk da tubali aka yi shi, aka rufe da azara.

Ba ya cikin gine-ginen da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, take karewa da doka. Kariyarsa takarda ce guda da mu magada 23 muka sa wa hannu a watan jiya gaban mai unguwa da limamin shiyarmu: ba a sayarwa, ba a rushewa, kuma zaure da shigifa da turaka za su zauna a ginin ƙasa. Aka tara naira miliyan 1 da dubu 200, aka ɗora mini riƙon kuɗi da bin aiki. Shi ya sa nake rubuta komai a nan, don 'yan uwa na nesa su riƙa gani.

Laraba, 8 ga Janairu

Kwana uku ana kwashe shara. Yara huɗu, naira 48,000. Amalanke 30,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Baba magini ya zo. Tsoho ne da ya haura saba'in, a wajen mahaifinsa ya koyi gini, kuma Kawu ya ce Baban ne ya yi wa gidan yaɓen ƙarshe kafin zuwan siminti. Bai ko dubi tsagar da ta hana ni barci ba. Waje ya fita, ya bi bangon gaba yana ƙwanƙwasawa da gindin sandarsa, yana saurare. Wani wuri sautin ya fito a cike, wani wurin kamar an buga ganga.

Ya ce da ni, "Malam, gidan ga bai tsufa ba, shaƙe shi anka yi."

Bayaninsa ke nan. Bangon ƙasa yakan sha laima da damina ya fitar da ita da rani. Da aka lulluɓe shi da siminti a shekarun 1980, ruwa ya ci gaba da shiga ta tsagogi da ta ƙasa, amma ya rasa hanyar fita. Sai tubalin da ke bayan simintin ya riƙa narkewa a ɓoye, gara ta samu wurin zama mai sanyi. Gindin bangon ya lotsa, ƙafar bakan gizo ta bi shi, shi ne tsagar da nake gani a sama. Ya ƙara nuna mini indararo uku na zauren: ɗaya ya karye, biyu sun toshe da ƙasa da leda. Shekara shida ruwa na kwana a kan rufin.

Ban ga laifin waɗanda suka sa simintin ba. A lokacin abin ci gaba ne, ga shi ana yin sa nan Kalambaina kusa da mu, ga gajiyar yaɓe duk shekara. Niyyarsu su hutar da na baya. Amma dole a ɓamɓare shi duka.

Mun yi ciniki: shi naira 10,000 a rana, yaransa biyu 5,000 kowanne.

Litinin, 20 ga Janairu

An gama ɓamɓare simintin gaba da na gefen kudu. A wasu wuraren ba ma sai an sa diga ba, faifai-faifai yake faɗowa da kansa, ƙasar baya tana zubowa kamar gari. A gindin bangon kudu ramin da aka samu ya kai kamu ɗaya zurfi. Abin da ya cece mu shi ne kaurin bangon. A ƙasa ya fi mita ɗaya, yana sirancewa yayin da yake hawa, don haka akwai sauran lafiyayyen jiki da zai ɗauki nauyi. An tokare bakan gizon da itace huɗu kafin a taɓa komai.

Cikin shigifa kuma mun ci karo da abin da ban taɓa sani ba. Bayan yaɓe akwai ƙaramar ƙofa da aka toshe da tubali, tana fuskantar gidan maƙwabta. Na kira Goggo a waya na tambaye ta, ta yi dariya ta ce ai ta nan suke bi suna yara. Matan gidajen biyu ta nan suke kai wa juna wuta da gishiri, ta nan ake zuwa barka da gaisuwar rashin lafiya ba tare da an taka titi ba. An toshe ta ne da aka sayar da wancan gidan ga wasu. Ba za mu buɗe ba, tunda ba dama, amma na roƙi Baba ya bar siffarta a fili kada yaɓe ya sake shafe ta.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na yi asarar naira 70,000, kuma laifina ne. Baba ya ce in jira shi mu je kududdufin da suke ɗibar ƙasa tare, ni kuma na ga kwanaki na tafiya, sai na yi magana da wani mai tifa ya kawo jan ƙasa. Da Baba ya iso ya ɗebi dunƙule ɗaya, ya jiƙa, ya matse a tafin hannu, ya buɗe. Ta wargaje. Yashi ya yi mata yawa, ba danƙo. Ya ce tubalin da aka yi da ita ba zai ga damina biyu ba.

Mai tifa ya ce shi ƙasa aka ce ya kawo kuma ya kawo. Gaskiyarsa. Za mu yi cikon tsakar gida da ita.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun je tare da Baba, ya zaɓi wurin da kansa. Tifa biyu, 160,000. An baza, an jiƙa, an zuba yankakkiyar ciyawa, yara sun shiga da ƙafa suna kwaɓawa. Za a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa a sake takawa, har sai ta ruɓa ta yi danƙo. Ruwa kaɗai ya ci 18,000 wajen 'yan ga-ruwa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An fara murza tubali. Na daɗe ina kallo. Ba a sa shi cikin akwati irin na bulo, da hannu ake mulmula shi a ƙasa, gindi faɗi, kai tsini. An jera 600 a filin ƙofar gida. Hunturu na taimakawa wajen bushewa, sai dai Baba ya sa an rufe na farko da zana, ya ce iska mai ƙarfi takan busar da baya ta bar ciki ɗanye, sai ya tsage.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ɗauko Goggo ta zo ta ga aiki. Ita ce babba a waɗanda suka rage, a turakar nan aka yi mata huɗuba. Muka shimfiɗa mata tabarma a dakalin zaure, ta yi ta ba da labari har la'asar, ni kuma ina rubutawa.

Zauren nan ya yi rayuwa kusan biyar. Kakan kakanmu fataucin fata yake yi. A nan yake zama, majema su kawo jar fatar akuya a ƙirga a ɗaure, ɗakunan baƙi kuma fatake ke sauka. Wannan fatar ce ke bi ta Kano ta ƙetare hamada, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko alhali daga ƙasarmu ta fito. Turakun ƙarfe biyu da ke jikin bangon arewa, waɗanda na ɗauka na ɗaure dabba ne, ashe na rataye ma'auni ne.

Bayansa jikansa, kakanmu, malami ne. Sai zauren ya koma makarantar allo, kusan shekara arba'in. Baƙin da ke jikin rufin hayaƙin wutar karatun dare ne na lokacin sanyi, alkukin da ke kusa da ƙofa kuma nan fitila ke zama. Goggo ta ce da rana, bayan yara sun tashi, matan shiya kan taru a shigifa wata malama tana koya musu waƙoƙin wa'azi da hukuncin tsarki da salla, irin karantarwar da Nana Asma'u ta kafa tun zamanin 'yan taru. Wannan ƙaramar ƙofar ta nan da yawansu ke shigowa.

Da kakanmu ya rasu aka ba teloli haya. Su suka fasa tagar nan mai faɗi a bangon gaba don haske, kuma daidai ƙarƙashin ƙafar bakan gizo suka fasa ta. Daga baya wani yaro ya sa janareta yana cajin waya. Sai Baffa ya karɓe ya mai da shi wurin ajiye buhuna, da ya rasu aka kulle.

Abin da na lura shi ne, duk waɗannan shekarun, da fata da allo da keken ɗinki, rufin bai taɓa huje ba, don kullum akwai wanda zai ga ɗigon farko ya hau ya toshe. Shekara shidan da ba kowa ciki su suka fi yi masa illa. Saboda haka tun yanzu na fara tunanin wa zai zauna cikinsa in an gama.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An fara cike gindin bangon kudu. Layi biyu ko uku a rana, sai a bari ya sha iska. Tubali a tsaye ake dasa shi, tsini sama, a jefa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ƙarfi ta cike tsakani.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar ba daɗi. Ɗan Baffa ya zo daga Abuja ya ga ramuka da tokare, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yaya, miliyan guda za mu zuba cikin laka? A rushe gaban nan a yi shago huɗu na bulo, hayarsu ta riƙe marayun gidan." Ya sa hannu a takarda, amma ya ce bai san ɓarnar ta kai haka ba.

Ban raina maganarsa ba. Akwai marayu, akwai zawarawa biyu a cikin gida, kuma duk wanda ya bi titin nan ya ga yadda gidajen ƙasa ke komawa shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ganuwar birni ma haka ta tafi, sai sunayen ƙofofi suka rage a bakin mutane: Ƙofar Kade, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya. Yaro yau zai gaya maka yana Ƙofar Atiku alhali bai taɓa ganin ganuwar da ƙofar ke jikinta ba. Ba na son jikokinmu su ce "zauren kaka" suna nuna shagon lemo.

Kawu ne ya raba gardamar. Ya ce ɗakunan baƙi biyu ba sa cikin sharaɗin takarda, kuma bayansu na kallon lungu. A fitar musu da ƙofa ta can a ba da haya, kuɗin a raba biyu: rabi ga marayu, rabi ga yaɓen kowace shekara. Aka amince. Ni ma ban so a taɓa su ba, amma gyara ba shi da amfani in ba kuɗin da zai riƙe shi bayan mu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Maganar azara. An buɗe kusurwar rufin da ta huje, aka tarar sha ɗaya sun ruɓe, sauran kuwa, masu shekara fiye da ɗari, ƙusa ma ba ta shigarsu. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma Baba ya ce ta namijin giginya da ya tsufa ita ce gara ba ta ci, baƙa mai nauyi. Na sayo 40 a kan 4,500 kowace, har da na shigifa. Da aka sauke ya bi su ɗaya-ɗaya yana ɗagawa yana soka farce, ya ware 15 gefe. Farare ne, marasa nauyi, daga tsakiyar itacen aka tsago su inda yake da taushi.

Mai itace ya yarda ya karɓi tara kawai. Na ƙaro 15 daga wani wuri a kan 6,000. Kowa kuka yake giginya ta yi wuya, sai an yi nisa kafin a samu babba.

Na tambayi Baba me ya sa ba za a sa katako ba. Ya ce gara za ta gama da shi kafin in aurar da ɗiyata. Ya kuma nuna mini dalilin bakan gizo tun asali: azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar taku biyu, to in kana son ɗaki mai faɗi dole ka raba rufin da baka, kowane yanki azara ta iya ƙetare shi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An toshe tagar teloli, an bar ƙarama a sama kamar yadda take da. Yau aka ɗaure bakan gizon. Ashe cikinsa ba tubali ne zalla ba. Azara ce ake fitowa da ita daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta tana sunkuyowa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Igiyar hawa na biyu ce ta tsinke da bango ya lotsa. Baba ya buɗe wurin a hankali, ya sa azara uku sabbi, ya ɗaure, ya mayar da ƙasa. Bai yarda yaransa su hau ba, da kansa ya yi, gabana na faɗuwa har ya sauko.

Ina kallonsa na tuna da abin da Baturen nan Clapperton ya rubuta da ya zo Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ga ana gina masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo, babban maginin kuma mutumin Zazzau ne. Daga Zazzau ɗin kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya fito, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Sana'ar nan tana da tsohon asali, ga shi a shiyarmu duka Baba kaɗai ya rage mai iya ɗaure baka. Cikin yaransa biyu ɗaya ne ke sa ido sosai. Na ƙara masa 1,000 a rana daga aljihuna, da sharaɗin ya tsaya har ƙarshe.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe 11 kawai. An jera azara, an shimfiɗa zana, an fara zuba ƙasar rufi.

Laraba, 19 ga Maris

Zafi ya sauka. Yau da azahar na bar ɗakina na bulo da kwano na zo na kwanta a zauren, ga shi ko ƙyaure ba a sa ba. Har barci ya ɗauke ni. Bango mai kauri ba ya barin zafin rana ya ratso sai dare ya yi.

An cire tokare biyu cikin huɗu. Na manna takarda a kan tsohuwar tsagar don in ga ko za ta yage.

Asabar, 5 ga Afrilu

An dawo bayan Salla. Takarda ba ta yage ba, an cire sauran tokaren.

Yanzu saura abin da zai hana ruwa, kuma nan ne na sha wahalar nema. Baba yana son laso a kan rufi da rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye bakin rufi, da zankwaye. Kayan haɗinsa uku: katsi, wato abin da ke kwanta a gindin rijiyar rini a ƙone shi a daka, da gashin jima, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Gashi bai ba ni wuya ba, majema suna nan, buhu biyu 8,000. Dafara wani mai magani ya samo mana daga ƙauye. Katsi ne ya gagara, don masu rini da yawa sun koma na bature a cikin tukunya. Kwana tara ina yawo kafin in samu buhu uku, 45,000, kuma ba zai isa ko'ina ba.

Shawarar da muka yanke: laso a rawani da zankwaye da bakin indararo, inda ruwa ya fi duka. Sauran rufin da bango a yi musu yaɓen makuba. Sa'a ɗaya, yanzu ɗorawa ke nuna, ɓawonta na samuwa. An jiƙa shi a duro biyu, ruwan ya yi ja wur, da shi za a kwaɓa ƙasar yaɓe.

Talata, 15 ga Afrilu

Yaɓen gaba ya kammala. Da tafin hannu suka bi shi, sawun yatsu na nan a jere. Masu wucewa na tsayawa kallo. Wani dattijo ya ce rabonsa da jin warin makuba tun yana saurayi.

Indararo uku sabbi na kwano, dogaye, don su jefa ruwa nesa da gindin bango, 21,000.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ban iya jiran damina ta gwada mana ba. Na kira 'yan ga-ruwa aka hau da jarka 24 aka juye a kan rufin lokaci guda, ni ina ciki ina kallon sama, Baba na waje. Ciki ko ɗigo. Indararo biyu sun zubar yadda ake so. Na ukun, na kudu, ruwa ya taru a bakinsa ya kwanta kamar faɗin tabarma, gangaren bai kai ba. Baba ya ce kuskurensu ne, za su kankare su sake ranar Litinin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Laso ɗin da ya rage kwano ɗaya ne, da kyar zai isa.

Lissafi zuwa yau: an kashe naira miliyan 1 da dubu 465. Gibin 265,000 ni da Kawu muka cike, za a mayar mana daga hayar ɗakuna. Rasit duka suna wajena ga mai son gani.

Turaka ba za a taɓa ta bana ba, kuɗi sun ƙare kuma damina ta matso. Za mu share indararonta, mu toshe tsagogin rufin, sai bayan kaka a dube ta da kyau. Kafin ƙarshen Mayu ina son a yi daɓen zaure, a sa ƙyauren itace, a fitar da ƙofofin lungu.

Na yi magana da wani malami a shiyarmu da ke karantar da yara 30 a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya zo ya duba jiya, ya yarda zai dawo da su zauren safe da dare, ba haya, sharaɗin kawai ya sa manyan almajirai su hau rufi su share indararo duk ranar Alhamis da damina, kuma ya kira ni ranar da ya ga ɗigo. Goggo ta ce in an sa ranar fara karatu a aiko mata da mota, ita za ta kawo allon kakanmu da ke cikin adakarta.